Shawara ga Sabon Matuƙi a EVE Online: Yadda Ake Yin Asara Mai Arha

Duk wanda ya saba da irin wasannin da ake kashe mutum ya tashi da kayansa cif-cif kamar ba a yi komai ba, zai sha mamaki a makonsa na farko cikin EVE Online. A wannan wasa na jiragen sararin samaniya da ake yi ta intanet, idan aka tarwatsa jirginka ya tafi ke nan har abada. Kowane kaya da ke cikinsa yana tsakanin abu biyu daidai wa daida, ko dai ya ƙone tare da jirgin ko kuma ya faɗa cikin ɓaraguzai, kuma abin da ya faɗi na wanda ya riga kai hannu ne, wanda galibi shi ne mutumin da ya harbe ka. Kusan duk shawarar da zan bayar a nan daga wannan gaskiya guda ta samo tushe, domin sabon matuƙi ba shi da ikon hana kansa asara, abin da ke hannunsa kawai shi ne ya zaɓi girman asarar da lokacin da za ta same shi.

Kamfanin CCP Games da ke birnin Reykjavik na ƙasar Aisland ne ya fitar da wasan a watan Mayun 2003, kuma har yau yana gudana. In ban da 'yan ƙasar Sin da ke da tasu sabar ta daban, kowa a duniya yana wasa ne a kan sabar guda mai suna Tranquility, cikin sararin samaniya guda da ake kira New Eden, wanda ya ƙunshi yankunan taurari sama da 7,000, kowanne da ranarsa da duniyoyinsa. Wannan yana nufin babu wata sabar daban da ake ware wa sababbi, kuma sunan da ka zaɓa a ranar farko shi za ka ɗauka tare da duk abin da ka aikata da shi. Mafi yawan jirage da makamai da harsasan da ke kasuwa 'yan wasa ne suka haƙo ma'adinansu, suka ƙera su, suka yi dakonsu, saboda haka jirgin da ka rasa ciniki ne ga wani. Kuɗin wasan sunansa ISK, wanda ya yi daidai da taƙaitaccen sunan kuɗin ƙasar Aisland ɗin kanta. Kullum da ƙarfe 11:00 agogon GMT ake rufe sabar na ɗan lokaci domin gyara, don haka kada ka fara wani aiki mai tsawo gab da wannan lokaci.

Abu na farko da za a nemi ka zaɓa shi ne daula, kuma sababbi da yawa sukan ɓata sa'o'i a kan wannan ba tare da dalili ba. Daulolin huɗu ne. Jiragen Amarr sun fi dogara da bindigogin haske da sulke mai kauri, na Caldari da makamai masu linzami da garkuwa, na Gallente da ƙananan jirage marasa matuƙi da bindigogin kusa, na Minmatar kuwa da gudu da bindigogin harsashi. Sai dai zaɓin bai ɗaure ka ba, domin ɗan kowace daula yana iya koyon tuƙa jirgin kowace daula. Ka ɗauki wadda kamanninta ya yi maka, ka wuce.

Haka nan kada ka yi gaggawar biyan kuɗi. Tun watan Nuwamban 2016 wasan yake da mataki biyu, wato Alpha wanda kyauta ne da Omega wanda ake biya. Mai Alpha yana koyon ƙwarewa da rabin saurin mai Omega, horonsa na kyauta yakan tsaya idan ya kai makin ƙwarewa miliyan 5, kuma an hana shi wasu abubuwa kamar na'urar ɓuya da manyan jiragen haƙa. Duk da haka, abin da aka bar masa ya isa ya gane ko wasan nasa ne ko ba nasa ba. Akwai kuma wani tarko da ya kamata a ambata tun yanzu. Ana iya sayen Omega da kuɗin cikin wasa ta hanyar wani abu da ake kira PLEX, kuma sababbi da dama sukan sa wannan a gaba a matsayin buri tun watan farko, sai su wayi gari suna kwana suna haƙar dutse domin biyan kuɗin watan da za su sake kwana suna haƙar dutse a cikinsa. A ganina wannan ita ce hanya mafi sauri ta mayar da wasa aikin ƙwadago, kuma mutane da yawa ta nan suka bar shi.

Bayan darasin buɗewa, ka nufi wakilan sana'a, wato mutanen kwamfuta da ke ba sababbi ayyukan koyo, ka yi ayyukansu duka, har da na sana'ar da kake ganin ba ta burge ka ba. Suna koyar da yaƙi da bincike da haƙa da ƙira da ciniki, kuma suna ba da jirage da kayan aiki kyauta masu yawa, waɗanda su ne jarinka na farko. Idan ka gama da su, akwai doguwar tafiya ta ƙungiyar Sisters of EVE da ke farawa a yankin Arnon, mai ayyuka kusan 50, wadda za ta zagaya da kai cikin ƙasashen daulolin huɗu. Amfaninta bai tsaya ga lada ba, domin a cikinta ne hannu yake sabawa da tafiya, kuma a ƙarshenta akwai abokan gaba biyu da sukan gagari sabon matuƙi shi kaɗai, inda zai fara koyon neman taimako.

Tsarin ƙwarewa a nan ya saɓa wa na sauran wasanni, kuma fahimtarsa da wuri tana rage ɓacin rai. Ba a samun ƙwarewa ta yawan harbi ko yawan haƙa. Kana jera darussa ne a layi, su kuma suna tafiya da agogo, ko kana cikin wasan ko ka kashe kwamfuta ka kwanta. Saboda haka doka ta farko ita ce kada layin ya taɓa zama fanko. Kowace ƙwarewa tana da mataki biyar, kuma lissafinsu yana da kyau a sani. A ƙwarewa mafi sauƙi, mataki na 1 yana buƙatar maki 250, na 2 maki 1,415, na 3 maki 8,000, na 4 maki 45,255, na 5 kuwa maki 256,000. Ƙarin amfanin da kowane mataki yake bayarwa ɗaya ne, amma mataki na ƙarshe shi kaɗai yana cinye fiye da kashi 80 cikin 100 na lokacin gaba ɗaya. Wannan lissafi shi ne amsar mai cewa ba zai taɓa kamo wanda ya fara a 2003 ba. Tsohon ɗan wasa ya fi ka yawan jiragen da zai iya tuƙawa, amma a cikin ƙaramin jirgi guda ƙwarewa kaɗan ce take aiki, kuma idan ka kai su mataki na 3 ko na 4 tazarar da ke tsakaninku ta ragu ƙwarai. Ka fara da waɗanda suke amfanar kowane jirgi, wato na wutar lantarkin jirgi da ƙwaƙwalwarsa da rumbun wutarsa da gudu da garkuwa da sulke, waɗanda 'yan wasa suka tattara guda 14 suke ba sababbi shawara a kansu. Ka bar mataki na 5 sai inda aka wajabta shi domin buɗe wani abu da kake buƙata.

Daga nan sai kwaɗayin babban jirgi, wanda kusan kowa yakan kamu da shi. Jiragen suna hawa-hawa ne, daga firiget zuwa distiroya zuwa kuruza zuwa batilkuruza zuwa batilship, sannan manya-manyan da suka kai har titan. Wasan zai bar ka ka zauna cikin batilship tun kafin ka iya sarrafa shi, kuma a nan matsalar take. Manyan bindigogi suna juyawa a hankali, don haka ƙaramin jirgi da ke zagaya ka a kusa da gudu yana iya ɗaure ka ya hana ka tserewa alhali harsashinka ko ɗaya bai same shi ba, har abokansa su iso. Girma a wannan wasa aiki ne na daban, ba fifiko ba ne. Tsofaffin 'yan wasa suna da magana guda da suke maimaita wa kowane sabo, cewa kada ka fita da jirgin da ba za ka iya jure rasa shi ba. Ni nakan ƙara da cewa ka auna da hannu: idan kuɗinka ba zai sayi irin jirgin da duk kayansa sau uku ba, to bai zama naka ba tukuna.

Ɗaura wa jirgi kaya ilimi ne mai zurfi, amma kurakuran sababbi 'yan kaɗan ne kuma su ake ta maimaitawa. Jirgi yana da gurabe na sama da na tsakiya da na ƙasa. Na sama galibi na makamai ne, na tsakiya na garkuwa da gudu da na'urorin ɗaure abokin gaba, na ƙasa kuwa na sulke da ƙarin ƙarfin harbi. Kada ka haɗa kariyar garkuwa da ta sulke a jirgi guda, ka zaɓi ɗaya ka ƙarfafa ta. Kada ka gauraya bindigogin nesa da na kusa da tunanin ka shirya wa kowane hali, domin abin da zai faru shi ne a kowace tazara rabin bindigoginka ne kawai suke aiki. Kafin ka sayi komai, ka buɗe bayanin jirgin ka karanta irin makamin da aka ba shi fifiko a kai, ka bi wannan. Akwai wurin gwaji a cikin wasan inda za ka haɗa jirgi ba tare da kashe ko ISK ɗaya ba, ka ga ko wuta da ƙwaƙwalwar jirgin za su ɗauki kayan. Sannan ɓarna iri huɗu ce, ta lantarki da ta zafi da ta bugu da ta fashewa. Garkuwa ta fi rauni ga ta lantarki, sulke kuma ga ta fashewa, kuma 'yan fashin da kwamfuta ke tuƙawa kowane gungu da irin tasa, misali Guristas sun fi yin ta bugu kuma ita ce ta fi cin su. Wanda ya duba wannan kafin ya fita yana iya gama da ƙaramin jirgi aikin da ya gagari wani da babba.

Kada ka manta da inshora. Ko ba ka biya komai ba ana mayar maka da kashi 40 cikin 100 na ƙimar da aka yi wa gangar jirgin, idan kuma ka sayi mafi girman mataki za a biya ka ƙimar duka, na tsawon mako 12. Amma gangar kawai take rufewa, ban da kayan da ka ɗaura da wanda ka ɗauko, kuma ba a biyan wanda 'yan sandan wasan suka harbe.

Yanzu sai taswira, wadda a nan ne ya kamata a fi daɗewa. Kowane yanki yana da lambar tsaro. Daga 1.0 zuwa 0.5 ana kiran shiyyar hai-sek, daga 0.4 zuwa 0.1 lo-sek, daga 0.0 zuwa ƙasa nol-sek, sannan akwai yankunan wamhol, waɗanda aka ƙara a 2009, da ake shiga ta ramukan da ke buɗewa su rufe ba tare da ƙofa tsayayya irin wadda ake tsallakawa daga yanki zuwa yanki a sauran wurare ba. A hai-sek akwai rundunar CONCORD, wato 'yan sandan wasan, kuma kuskuren da ya fi kowanne tsada shi ne ɗaukarta a matsayin masu gadi. Aikinta hukunci ne, ba kariya ba. Duk wanda ya harbe ka ba bisa ƙa'ida ba tabbas za ta tarwatsa jirginsa, amma sai ta iso, kuma a yanki mai lamba 0.5 isowar takan ɗauki kusan daƙiƙa 20. Wasu 'yan wasa sun mayar da waɗannan daƙiƙu sana'a. Sukan tsaya a ƙofa da jirage masu arha da ƙarfin harbi, su leƙa cikin kayan masu wucewa da na'ura, su yi lissafi, idan rabin kayanka ya fi kuɗin jiragen da za su rasa sai su afka maka gaba ɗaya, wani abokinsu da bai yi harbi ba ya kwashe ganima. Yankin Uedama ya yi ƙaurin suna a kan wannan. Maganin ba wani asiri ba ne: kada ka loda dukiya mai yawa a jirgi mai raunin jiki, ka raba kaya sawu biyu ko uku, kuma kada ka bar wa tuƙin kai-da-kai ragamar tafiya, domin yakan sauke jirgi nesa da ƙofa ya bar shi yana rarrafawa a fili, alhali idan da hannunka ka tuƙa a bakin ƙofar za ka sauka.

A lo-sek babu CONCORD, sai bindigogin ƙofa da na tasha waɗanda gungun mutane suke iya jurewa. A nol-sek da wamhol babu ko wannan, kuma a can ana iya kafa wani kumfa da ke janyo jirgi daga gudunsa ya hana shi tashi. Sababbi sukan ji wannan su rantse ba za su taɓa barin hai-sek ba, wanda shi ma kuskure ne, domin rabin daɗin wasan yana can waje, kuma yankuna da yawa na can sun fi hanyoyin kasuwa na hai-sek zama lafiya saboda babu kowa a cikinsu. Abin da ake buƙata shi ne ido, kuma idon guda uku ne. Na farko shi ne zauren hirar yanki, wanda ke nuna sunan duk wanda yake yankin tare da kai, in ban da a wamhol inda ba a ganin mutum sai ya yi magana. Ka cire shi daga cikin sauran zaurukan, ka miƙar da shi a gefen allo ta yadda ba zai ɓoye ba. Na biyu shi ne na'urar hangen kewaye, wadda ke kaiwa nisan ma'aunin falaki 14.3, wato tazarar da ke tsakanin duniya da rana sau 14 da ɗoriya, kuma ya kamata danna ta ya zame maka kamar ƙifta ido. Na uku shi ne jerin abubuwan da ke kusa da kai, wanda tsarinsa na asali bai da kyau, don haka ka nemi na tsofaffin 'yan wasa ka ɗora.

Bari in nuna yadda abin yake a aikace, domin a nan ne yawanci ake rasa jirgin farko. Ka tsallaka ƙofa ka faɗa lo-sek, allo ya washe, sai ka ga jirage biyar da jajayen alamu suna shawagi a bakin ƙofar. Hannunka zai so ya danna wani abu nan take, to ka janye shi daga kan linzamin kwamfuta. Bayan kowane tsallake jirginka a ɓoye yake na daƙiƙa 60 muddin ba ka motsa ba, kuma wannan minti guda shi ne duk abin da ka mallaka. Ka duba nisan da ke tsakaninka da su da kuma tsakaninka da ƙofar. Zaɓinka biyu ne. Ko dai ka zaɓi wata duniya ko tasha ka ba da umarnin gudun walƙiya da ake kira wap, wanda ba ya kamawa sai jirgi ya fuskanci inda za shi kuma ya kai kashi 75 cikin 100 na gudunsa, abin da ƙaramin firiget yake yi cikin daƙiƙa uku ko huɗu. Ko kuma ka kunna injin ƙarin gudu ka koma kan ƙofar, wadda za ta karɓe ka da zarar ka shiga mita 2,500. Idan ka zaɓi komawa, kada ka rama harbi ko sau ɗaya, domin wanda ya yi harbi ƙofa takan ƙi shi na daƙiƙa 60. Ni a karona na farko ban yi ko ɗaya daga cikin biyun ba. Na danna wap, na ga kamar bai kama ba, na sake danna wata duniya a wata fuska dabam, jirgin ya fara sabon juyi, kafin ya gama an ɗaure shi. Duk abin bai kai daƙiƙa goma ba, kuma hannuna bai daina rawa ba sai bayan na tashi na sha ruwa.

Idan jirgi ya fashe, ba ka mutu ba tukuna, kana cikin ɗan ƙwanson matuƙi da ke fitowa daga jirgin, wanda yake tashi kusan nan take. Saboda haka da zarar ka ga jirgin ba zai rayu ba, ka daina kallon jan layin da ke cinye shi, ka zaɓi wuri mai nisa ka riƙa danna wap ba ƙaƙƙautawa, ta yadda ƙwanson zai tsere a daƙiƙar da ya fito. Idan an fasa shi ma, za ka farka a sabon jiki a tasharka ta gida da ƙwarewarka duka, abin da za ka rasa shi ne dashen ƙwaƙwalwa, wato na'urorin da ake sa wa matuƙi a kai domin ƙara masa iyawa, idan ka sa. Bayan haka ka yi abin da sababbi suke jin nauyinsa, wato ka buɗe hira da wanda ya harbe ka, ka tambaye shi cikin ladabi inda ka yi kuskure. Ba kowa ne zai amsa ba, amma da yawa sukan yi bayani dalla-dalla, wasu har su aiko da kuɗin da ya fi na jirgin, domin sun san wasan yana buƙatar sababbin da ba sa gudu.

Akwai wani ɗan maɓalli mai launi uku, kore da rawaya da ja, kusa da da'irar lafiyar jirgi. Ka bar shi a kore muddin kana hai-sek, domin a haka wasan ba zai bar ka ka aikata laifi bisa kuskure ba. Amfaninsa yakan bayyana ne a wurin haƙa, inda wani zai zo ya ajiye akwati a sarari ya ce kyauta ce ga sababbi, ko ya ɗebi kaya daga naka akwatin domin ka fusata ka harbe shi. Ɗaukar kayan wani yana sa maka alamar tuhuma ta minti 15, wadda ke halatta wa kowa harbinka, harbin wanda ya tsokane ka kuma yana ba shi izinin ramawa, shi kuwa da shirinsa ya zo.

Wannan ya kawo mu ga damfara, wadda dokar wasan ta halatta muddin a cikin wasan ta tsaya kuma ba a yi amfani da wata ɓaraka ta manhaja ba. Babbar kasuwa tana yankin Jita, a tashar da ke wata na 4 na duniya ta 4, sai Amarr da Dodixie da Rens da Hek. Zauren hirar Jita ba ya tsayawa, kuma za ka iya ɗauka cewa duk tallan da ke cikinsa tarko ne. Akwai mai cewa ka aiko da kuɗi ya ninka maka, akwai kwantiragin da aka rubuta sunan jirgi mai tsada a kai alhali na arha mai kama da shi ne a ciki, akwai wanda aka ƙara wa farashinsa sifili uku da fatan ba za ka ƙirga ba, akwai kuma aikin dako mai lada mai tsoka da jingina mai nauyi zuwa tashar da ba za a bar ka ka shiga ba. Haka nan duk ƙungiyar da ta nemi kuɗin shiga, ko ta ce ka miƙa mata kayanka ta kai maka sabon gida tun ba ku san juna ba, ka yi mata sallama. Abin da doka ta hana shi ne sayen ISK da kuɗin gaske daga hannun wasu mutane da kuma amfani da manhajar da ke yin wasa a madadinka, kuma a kan waɗannan ana rufe asusu.

A kasuwar kanta, ka fahimci cewa farashi biyu ne, tayin masu sayarwa da tayin masu saye. Idan ka danna sayarwa nan take, tayin mai saye mafi tsoka a kusa da kai za a ba ka, wanda a ƙaramar tasha yana iya zama rabin ƙimar kayan ko ƙasa da haka, don haka ka riƙa duba lambar da ke nuna bambanci da matsakaicin farashi kafin ka amince. Idan kayan suna da daraja, ka tara su ka kai babbar kasuwa, ko ka kafa naka tayin ka jira, amma ka sa la'ada da haraji cikin lissafinka.

Game da neman kuɗi, haƙa da ƙaramin jirgin Venture da wakilan sana'a suke bayarwa ita ce mafi sauƙi, kuma ita ce mafi saurin gundura. Ga sabon matuƙi na fi son bincike. Jiragensa, wato Heron da Imicus da Magnate da Probe, suna da arha ƙwarai, kuma da su za ka cilla na'urorin lalube ka gano wuraren tarihi da na bayanai, ka buɗe akwatunansu ta wani ɗan wasan kutse. A nol-sek ko wamhol wuri guda mai kyau yana iya biyan kuɗin jirgin sau da yawa, kuma a hanya kana koyon duk abin da aka ambata a sama game da ƙofa da hange da tserewa, da jirgin da rasa shi ba zai hana ka barci ba. Sai dai ka riƙa komawa gida kana sauke kaya, domin masu bincike da yawa a wurin "guda ɗaya ya rage" suke rasa na yini guda.

Duk wannan ana iya koyonsa a kaɗaice, amma da tsada da jinkiri. Ka shiga ƙungiyar 'yan wasa da wuri, ko da a mako na biyu ne. EVE University, wadda aka kafa a 2004, aikinta ke nan koyar da sababbi, kuma rumbun bayananta na intanet ya fi yawancin bayanin da ke cikin wasan kansa. Manyan ƙawancen nol-sek ma suna da rassan sababbi da ke raba ƙananan jirage kyauta. Kafin ka shiga kowace, ka tambayi lokacin da mutanenta suke kan layi, domin ƙungiya mai mutum dubu da duk suke barci lokacin da kake wasa daidai take da kango. Ka tambayi harajinta, da ko tana mayar da jirgin da aka rasa a aikin ayari, da ko ana yaƙi da ita a halin yanzu, domin idan an ayyana yaƙi tsakanin ƙungiyoyi CONCORD ba ta shiga ko a hai-sek. Idan ba ta yi maka ba, ka fita ka nemi wata, babu wanda zai ga laifinka.

A ayari za ka buƙaci abin sauraro a kunne, domin umarni da baki ake ba da shi, kuma idan an fara faɗa kwamanda kaɗai ke magana sai mai leƙen hanya. Aikin da aka fi ba sabo shi ne ɗauri, wato ya ruga da firiget mai gudu ya kama jirgin abokin gaba da na'urar hana wap har manyan su iso. Mai wannan aiki yakan mutu da yawa, amma ba tare da shi ba ganima takan tsere, kuma jirginsa bai kai kuɗin bindiga ɗaya ta jirgin da ya riƙe ba.

Mai yiwuwa labarin manyan yaƙe-yaƙe ne ya jawo ka, kamar na yankin B-R5RB da ya ɓarke ranar 27 ga Janairun 2014 saboda kuɗin riƙon yanki da ba a biya a kan lokaci ba, aka shafe kusan sa'a 21 ana gwabzawa, aka rasa titan 75, asarar da aka ƙiyasta da kimanin dalar Amurka 300,000. Ko na yankin FWST-8 a watan Oktoban 2020, wanda 'yan wasa 8,825 suka shiga har ya sami gurbi a kundin Guinness. Za ka iya kasancewa a irinsu cikin 'yan watanni idan ka shiga babban ƙawance, amma ka san yadda suke daga ciki. Idan jama'a suka yi wa yanki yawa, sabar takan rage gudun lokaci har zuwa kashi 10 cikin 100, ta yadda abin da ke ɗaukar daƙiƙa shida zai ɗauki minti guda, kuma za ka iya danna bindiga ka je ka dawo ba ta tashi ba. Faɗan mutum goma da goma a bakin wata ƙofar lo-sek ya fi wannan bugun zuciya nesa ba kusa ba.

Saboda haka da zarar ka gama da wakilan sana'a, ka sayi firiget iri ɗaya guda goma da kayansu masu arha, ka yi musu inshora, ka ajiye su a tashar hai-sek da ke maƙwabtaka da lo-sek, ka mayar da ita tasharka ta gida domin idan an fasa ƙwansonka a nan za ka farka kusa da jirgi na gaba. Ka fita da su ɗaya bayan ɗaya ba tare da dashen ƙwaƙwalwa ba, kuma bayan kowace asara ka buɗe rahoton kisan ka duba wa ya harbe ka, da wane jirgi, da wane irin makami, kafin ka hau na gaba.